Ɓeraye Talatin a Gidan Mai Hatsi

Ranar da Zahra ta shigo da ɓeraye talatin gidansu da ke unguwar Luggere a Jimeta, mahaifinta Malam Babakura yana zaune a zaure yana gyara tarkon ɓera. Ya ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida, ya ga 'yarsa ta sauko tana share gumi, sannan ya ga mai keken yana sauke wasu kejina na roba da waya har guda biyar, kowanne an rufa masa tsohon zane.

"Kaji kika sayo mana?" ya tambaya.

"A'a Baba. Aikin makaranta ne."

Ya ajiye tarkon, ya taso ya ɗaga bakin zane ɗaya. Fararen ɓeraye shida masu jajayen idanu suka ɗago kai suna kallonsa. Ya saki zanen ya ja da baya har ya taka silifas ɗinsa.

"Innalillahi! Zahra, ni da nake sayen tarko da guba, ke kuma kin ɗauko hayar keke kin kawo mini su har gida?"

Malam Babakura mai sayar da hatsi ne a babbar kasuwar Jimeta. Asalinsa Babarbare ne ɗan Bama, amma a Gwoza ya yi shekara ashirin yana harkar gero da dawa, har shekarar 2014 da tashin hankali ya kore su. Suka gudu Mubi, ba su yi wata uku ba Mubi ma ta tashi, suka ƙaraso Jimeta shi da matarsa Ya Kellumi da Zahra, da kayan jikinsu kawai. Da mudu ɗaya da rabin buhun masara ya sake farawa. Yanzu shekara takwas ke nan, yana da rumfarsa, 'yarsa kuma tana digiri na biyu a jami'a a fannin sinadaran jikin ɗan Adam. A duk tsawon rayuwar nan tasa, ba shi da abokin gaba kamar ɓera.

Zahra ta yi masa bayani a tsaye, mai keke yana jira. An shiga yajin aiki a makaranta, an ce za a kulle ɗakunan gwaji, ba wanda zai riƙa shiga ba wa dabbobi abinci. Ita kuma kwana huɗu kacal da fara gwajin da zai ɗauki kwana ashirin da takwas. In ta tsaya, aikin wata shida ya lalace. Malamar da ke duba aikinta, Dakta Keturah, ita ta sa hannu ta ce ta kai su gida ta ƙarasa.

"Kwana ashirin da huɗu kawai, Baba. Ɗakin ajiya na baya zan sa su."

Ya Kellumi ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta leƙa kejinan.

"Malam, bar ta," ta ce. "Mu ma da muka zo garin nan wani ne ya buɗe mana ɗakin ajiyarsa."

Malam Babakura ya koma ya ɗauki tarkonsa. Ya ce dai in ɗaya ya kuskura ya fito tsakar gida, kada wanda ya yi kuka da shi.

Kwana biyu bai ko kalli ɓangaren ɗakin ba. A rana ta uku da safe, yana shirin fita kasuwa, ya ji Zahra tana magana ita kaɗai a ciki, tana cewa, "Haba, tsaya mana, kai kullum sai ka ba ni wahala." Ya leƙa ta taga. Tana riƙe da wani ƙaton ɓera a cikin tsumma, ta tsikari ƙarshen wutsiyarsa, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan tsinke da ke maƙale a wata ƙaramar na'ura. Ya san na'urar. Irinta ce likita ya ce ya saya tun bara, yana da ita a cikin akwati, ko ledarta bai cire ba.

"Wannan ba abin gwada suga ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"To me ya haɗa ɓera da shi?"

"Ciwon suga gare su."

Ya shigo ɗakin bai ma san ya shigo ba.

"Ɓera? Ciwon suga? Irin nawa?"

Ta ce kusan irin nasa. Ta nuna masa kejinan ɗaya bayan ɗaya. Na farko lafiyayyu ne, ba a yi musu komai ba. Sauran huɗun an yi musu allurar da ta jawo musu ciwon. Na biyu ba a ba su magani. Na uku ana ba su maganin asibiti, irin ƙwayar da shi ma yake sha. Na huɗu da na biyar kuma ana ba su abin da ta tace daga 'ya'yan aduwa, waɗancan kaɗan, waɗannan da ɗan yawa. Ta ɗauko wata kwalba mai wani abu baƙi-baƙi mai kauri kamar maɗi, ta nuna masa.

"Aduwa dai da na sani? Wadda yara ke tsotsa?"

"Ita. Mutane sun daɗe suna cewa tana sauke suga. Ni kuma ina so in auna in gani, gaskiya ne ko faɗa ce kawai. In gaskiya ne, nawa take saukewa. Sannan in duba ko tana da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, domin ciwon suga yana cin jiki a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi."

Malam Babakura ya dubi ƙaton ɓeran da ke hannunta. Ɗan keji na biyar ne, an yi masa zane uku da baƙin alƙalami a wutsiya. Na'urar ta yi ƙara.

"Nawa ya samu?"

"Ɗari uku da ashirin."

"Da yawa ne?"

"Da yawa ƙwarai." Ta mayar da ɓeran, ya haye kan kwanon abinci ya zauna, sauran suka matsa masa. Sannan ta juyo ba tare da ta dubi idon mahaifinta ba. "Kai fa, Baba? Rabonka da gwaji tun yaushe?"

"Ni lafiyata ƙalau."

"To ai sai mu gani. Ko tsoron allura kake? Shi wannan ko motsi bai yi ba."

Ƙarya take, ɓeran ya yi ta mutsu-mutsu, amma maganar ta kama shi. Shekara takwas tana fama da shi a kan gwajin nan. A wata makarantar firamare da aka sauke 'yan gudun hijira aka fara gaya masa yana da ciwon, kuma tun daga nan yake ƙin duk abin da zai tuna masa. Yakan ce abu ɗaya da ya iso da shi Jimeta bai faɗi a hanya ba shi ne wannan ciwo. Ƙwayar yana sha in ya tuna, shayinsa kuwa cokali uku na sukari.

Ya aika ta ɗauko tasa na'urar daga akwati, domin ya rantse ba za a haɗa jininsa da na ɓera a abu ɗaya ba. Ya miƙa yatsa ya kau da kai. Ɗari biyu da tamanin.

"Na fi shi sauƙi," ya ce, yana nuna ɓeran.

"Da kaɗan, Baba."

"Na dai fi shi. Dubi yadda ya hakimce a kan abincin jama'a. Wannan ai Bulama ne, mai unguwa guda."

Sunan ya bi ɓeran. Daga ranar, duk bayan kwana uku da za a yi gwaji, Malam Babakura ba ya fita kasuwa sai an gwada Bulama an gwada shi. Ya rage sukarin shayi zuwa cokali ɗaya, ba don likita ya ce ba, sai don kada ɓera ya wuce shi. Ya soma riƙe wa Zahra tsumma in za ta ɗura musu magani da sirinji marar allura. Shi ke ɗora su a kan ƙaramin sikeli yana faɗin nauyi tana rubutawa, kuma sau da yawa kafin ya ɗora zai jinjina ɓera a tafin hannu ya faɗi nauyinsa, ya zo daidai ko kusa. Ya ce wanda ya shekara talatin yana awo ba ya buƙatar batir.

Watan Maris ne, zafin Yola ya kai inda ko ƙadangare ba ya fitowa da azahar. Wata rana ya dawo cin abinci ya tarar da ɓerayen sun baje a ƙasan keji suna haki. Bai yi shawara da kowa ba, ya cire fankarsa mai caji daga ɗakinsa ya kai musu, ya jiƙa buhunan algarara ya rataya a taga.

"Malam," in ji Ya Kellumi, "shekara uku ina roƙon fankar nan in ina tuƙa tuwo."

"Ke ai lafiyarki ƙalau. Waɗannan marasa lafiya ne."

Labari ya fita unguwa. Wata maƙwabciya, Adda Hafsah, ta shigo aron turmi ta hango jajayen idanu ta taga, kafin la'asar an ce gidan Barebari suna kiwon ɓerayen tsibbu masu kawo dukiya. Ya Kellumi ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta gayyaci matan layin su biyar ranar gwaji, ta shimfiɗa musu tabarma, Zahra ta yi aikinta a gabansu. Kafin su tashi, uku sun miƙa yatsa a gwada su, aka kuma sami ɗaya da ya kamata ta je asibiti, ita Adda Hafsah ɗin da kanta. Ta fita tana ta "useko, useko," tana godiya da Fulatanci.

Zuwa kwana na goma sha uku abin ya fara bayyana a littafin Zahra. 'Yan keji na biyu, marasa magani, sun rame, suna ta shan ruwa, sugansu yana sama. 'Yan keji na uku masu maganin asibiti sun sauko sosai. Masu shan aduwa kaɗan sun ɗan motsa. Masu shan da yawa kuwa, biyar daga cikinsu sun sauko daga ɗari uku da wani abu zuwa ƙasa da ɗari biyu. Bulama ne kaɗai ya ƙi. Yau ya sauka, jibi ya hau, ga shi kullum sai ƙiba yake.

"Na rasa gane kansa," in ji Zahra. "Abincinsu ɗaya, maganinsu ɗaya."

"Jiki da jiki ai ya bambanta," in ji mahaifinta, ya shiga gyara buhun taga da sauri.

Shi dai abin da ya tsaya masa a rai waɗancan biyar ɗin ne. Ya yi ta juya maganar a rumfa, tsakanin mai sayen mudu biyu da mai taya buhu. A ƙofar gidan da aka haife shi a Bama akwai bishiyar aduwa, mahaifiyarsa takan jiƙa musu in cikinsu ya ɗaure. Abin da ya sani tun yana yaro ne, ba baƙon abu daga kwali ba. Ga shi kuma da idonsa ya ga lamba tana sauka. Da yamma ya ce wa Zahra ta ɗan sammasa na kwalbar.

"A'a, Baba. Wannan ba a gwada shi a kan mutum ba. Ban ma san me yake yi wa hanta da ƙoda ba tukuna, sai an gama an duba."

"Cokali ɗaya."

"Ko ɗigo."

Washegari ya ratsa layin masu kayan marmari na daji, inda mata ke kasa goruba da magarya da tsamiya, ya sayi aduwa mudu biyu. Ya ɓoye a rumfa bayan buhunan dawa. Kullum da safe sai ya jiƙa cikin wata robar fenti da ya wanke, kafin azahar jiƙon ya yi kauri, ya tace ya sha kofi biyu, da la'asar ya ƙara. Ƙwayar asibiti kuwa ya daina, domin a ganinsa ba a hawa keke biyu a lokaci ɗaya. Ranar gwaji ta zo ya ce yana sauri, an kawo kaya daga Ganye. Ta sake zagayowa ya ce yatsansa yana ciwo.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Hamma Bawa mai wake, shi ya fara lura.

"Malam Babakura, lafiya? Tun safe sau bakwai ina ƙirga ka kana zuwa bayan gida. Ni nake ta sayar maka da gero."

"Magani ne yake aiki. Yana wanke ciwon."

"Wannan wanki ya yi yawa. Dubi idonka ya faɗa."

A rana ta shida da fara shan jiƙon, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana cikin auna wa wata mata masara sai mudun ya suɓuce daga hannunsa. Ya zauna a kan buhu, ya ce kasuwar tana juyawa. Bakinsa ya bushe ƙamas, ya shanye ledar ruwa huɗu bai ji komai ba. Hamma Bawa bai tsaya tambaya ba, ya tare keke ya sa shi a ciki, ya ɗauko robar fentin ma ya riƙe a cinya, suka nufi Luggere.

Zahra ta tsikari yatsan da aka ce yana ciwo. Ɗari huɗu da goma. Ta dubi lambar, ta buɗe robar ta sunsuna, ta dubi mahaifinta. Nan take ta ɗauko mayafi. Keken da ya kawo su shi ya wuce da su asibiti, har da Ya Kellumi.

An sa masa ruwa leda uku da allura. Zuwa la'asar idonsa ya washe, har ya fara tambayar wa ya rufe rumfa. Likitan da ya duba shi, wani siriri mai suna Umair, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon.

"Baba, wa ya ce ka daina shan ƙwayarka?"

Malam Babakura ya ce, "Ɓeraye."

Likita ya juya ya dubi ledar ruwan, kamar yana zargin an sa wani abu a ciki. Ya Kellumi ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Zahra ce ta yi bayani, tana yi tana share ido, dariya da kuka sun haɗe mata.

Da likita ya fita, ta zauna a bakin gadon.

"Baba, ka tsorata ni."

"Na ga suna samun sauƙi ne."

"Suna samu. Amma abin da nake ba su ba jiƙo ba ne. Na ɓare naman aduwar, na shanya a inuwa, na niƙa, na jiƙa a wani sinadari kwana uku, na tace, na ƙafar da shi. Sannan kowane ɓera ina auna masa daidai nauyinsa, kai ne ma kake faɗa mini nauyin. Kai kuma ka ɗauki robar fenti. Aduwa tana da zaƙi a jikinta, ga ta da sakin ciki. Ka sha zaƙi, ka zubar da ruwan jikinka, ka kuma ajiye maganin da ke riƙe da kai."

"To ai na ji a jikina."

"Kuma wane keji ne ya fi kowanne sauka?"

Ya ɗan yi tunani. "Na uku."

"Me suke sha?"

Ya kau da kai wajen bango. "Ƙwayata."

Can ya yi gyaran murya.

"Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai saura. Bulama."

"Me ya sami Bulama?"

"Ba abin da ya same shi. Ni ne dai... in kin tafi wanka da safe, nakan ɗan ba shi ƙuli-ƙuli. Wani lokaci da ɓallin dabino."

Zahra ta miƙe tsaye. "Baba! Tun yaushe?"

"Tun ranar da na raɗa masa suna. Yana kallona ne, Zahra. In na shigo sai ya kama waya da hannu biyu. Na san yadda mutum yake ji in an hana shi abin da yake so."

"Sati biyu ina hana kaina sukuni a kan ɓeran nan! Har na rubuta wa Dakta cewa wataƙila akwai waɗanda maganin ba ya kamawa!"

"Shi kaɗai ne, wallahi. Sauran ko ƙwayar gero ban ba su ba."

Ya Kellumi ta kasa riƙewa, ta fita baranda tana dariya har wata nas ta leƙo.

Kwana ɗaya ya yi aka sallame shi. Zahra ta kira Dakta Keturah ta gaya mata komai, tana jiran faɗa. Malamar ta yi dariya har ta yi tari, sannan ta ce a cire Bulama daga lissafin gwajin gaba ɗaya, a kuma rubuta dalili a fili, kada a ɓoye. Biyar sun isa a keji na biyar. Ta ƙara da cewa a sa wa ɗakin kwaɗo.

Ba a sa kwaɗon ba, amma Malam Babakura bai sake shiga da komai a aljihu ba. Ya koma shan ƙwayarsa safe da yamma, Ya Kellumi tana tsaye a kansa har ya haɗiye. Ragowar aduwar ya rabar wa masu dako.

Ranar da kwana ashirin da takwas suka cika, Dakta Keturah ta samo izini a buɗe mata ɗakin gwaji na kwana biyu. Malam Babakura ya sa babbar riga ya ce zai raka su. A hanya, keke yana tsallake ramuka, ya riƙe kejin da ke cinyarsa da hannu biyu yana ce wa mai keken ya bi a hankali, akwai marasa lafiya.

Dakta Keturah gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, 'yar Numan. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Sannu Baba. Kai ne mai ba wa ɗalibaina ƙuli-ƙuli?"

"Ɗaya ne kawai, Dakta."

Ta zagaya da shi ɗakin. Ta ce tunda ya sha wahalar aikin nan, bari ya ga rabin da bai gani ba. Ta sa Zahra ta jera ƙananan kwalabe shida, kowacce da wani ruwa mai launi kamar ɓawon jar albasa. Ta ce wannan ruwan yana ɗauke da irin abubuwan da ke cin ƙwayoyin jiki. Duk abin da zai iya kashe musu kaifi, zai sauya launin. Zahra ta ɗiga tataccen aduwar, kwalba ta farko kaɗan, ta gaba fiye da haka, har ta ƙarshe. Aka sa su a cikin kabad aka rufe na rabin awa. Da aka fito da su, ta farko tana nan kusan yadda take, amma launin yana ta kwashewa daga kwalba zuwa kwalba, ta ƙarshe ta koma ruwan ɗorawa.

Malam Babakura ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. To Dakta, ashe maganin gaskiya ne."

"A kwalba gaskiya ne. A ɓera ma da alama. A mutum kuwa, ba mu sani ba tukuna. Tsakanin wannan tebur da kantin magani akwai shekaru, Baba, da gwaji iri-iri. 'Yarka ta taka mataki ɗaya, kuma ta taka shi da kyau."

Sai ya tambayi abin da za a yi da ɓerayen yanzu. Zahra ta sunkuyar da kai, domin ta daɗe tana kauce wa tambayar. Dakta Keturah ta gaya masa gaskiya. Za a sa su barci, barcin da ba tashi, a duba hantarsu da ƙodarsu da jininsu, a ga ko aduwar ta kare su ko ta yi musu lahani. In ba a yi haka ba, ba za a taɓa sanin ko tana da haɗari ga mutum ba.

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya bi kejinan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ba za su ji zafi ba?"

"Ba za su ji ba. Ni da kaina zan tsaya."

"Har Bulama?"

"Bulama ai ka riga ka kore shi daga makaranta. Ba abin da zan duba a cikinsa sai ƙuli-ƙuli. In kana so, ka tafi da abinka. Zahra ta san yadda za ta auna masa magani."

Haka aka yi. Ya bar Zahra a wurin aikinta, ya dawo Jimeta shi da keji ɗaya. Da ya iso gida ya ce ba ya jin cin abinci. Sai da yamma ya ware, da Hamma Bawa ya zo duba shi ya tarar da shi yana yanka wa Bulama kabeji.

Sakamakon ya fito bayan wata biyu. Tataccen aduwar ya sauke sugan ɓerayen da kusan kashi arba'in cikin ɗari a babban awo, bai kai maganin asibiti ba, amma hantarsu ta fi ta marasa magani lafiya nesa ba kusa ba. Da aka koma karatu Zahra ta tsaya gaban malamai biyar ta kare aikinta. Wani baƙon farfesa ya tambaye ta me ya sa keji na biyar yake da ɓera biyar alhali sauran shida-shida ne. Ta ce an sami wanda ya ci abincin da ba na gwaji ba.

"Garin yaya?"

"Wani mai tausayi ne ya ba shi, ranka ya daɗe."

Dakta Keturah ta duƙar da kai tana rubutun da ba ta buƙata.

Malam Babakura da Ya Kellumi suna zaune a benci a ƙarƙashin wata bishiyar maina, wato darbejiya, a waje, tun ƙarfe tara. Ya Kellumi ta zo da kular dambun shinkafa da zogale, ta ce ko an ci ko an faɗi sai an ci abinci. Wajen ƙarfe ɗaya Zahra ta fito da gudu, takalmi ɗaya a hannu, ta faɗa jikin mahaifiyarta.

"Sun amince! Gyara kaɗan kawai!"

Malam Babakura ya miƙe yana ta hamdala, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya shiga gaisawa da duk ɗalibin da ya wuce. Da Dakta Keturah ta fito, Ya Kellumi ta jawo ta ta zaunar a benci ta cika mata faranti.

"Baba," in ji Dakta tana ci, "shekara mai zuwa ina da ɗalibai biyu, ɗaya zai yi goruba, ɗaya kanya. Muna neman wanda ya san kasuwa, ya samo mana masu kyau, ya kuma gaya mana daga wane daji aka kawo su."

"An gama. Matan layin nan duk na san su. Gobe ma in kina so."

"Amma da sharaɗi. Ba ɗanɗanawa."

"Dakta, ni yanzu ko goruba aka ba ni kyauta sai na tambayi Zahra."

Ya Kellumi ta miƙa masa nasa farantin, rabin na kowa, zogalen ya fi shinkafar yawa. Ya duba, ya dubi na Dakta, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa ya sa hannu.